Buntu, Dusa da Rauno: Abin da Shinkafa ke Bari a Baya

Duk wanda ya bi ta Kura a jihar Kano, ko Argungu a Kebbi, ko Auyo a Jigawa bayan girbi, ya ga tsibin buntu a bayan injinan casa, wani yana ta hayaƙi kwana da kwanaki. Yawancinmu muna wucewa ne mu toshe hanci. Wannan darasi zai nuna cewa kowane sashe na sharar nan yana da halinsa, kuma halin ne ke nuna aikin da ya dace da shi. In ka san halin, ka samu maudu'in furojet, wataƙila ma ka samu sana'a.

Bari mu fara da lissafi. In aka casa kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 buntu ne, wato ɓawon waje mai kaushi. Kilo 8 zuwa 10 dusa ce, wato fatar da ke manne da ƙwayar. Sauran shi ne shinkafa da tsaki. A gona kuma an baro rauno, karan shinkafar ke nan, wanda nauyinsa kan kai na shansherar ko ya fi.

Buntu

Me ya sa buntu ba ya ruɓewa da wuri, dabbobi kuma ba sa jin daɗinsa? Dalilin shi ne silika, sinadarin nan da ke cikin yashi da gilashi. In ka ƙone buntu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne, kuma fiye da kashi 85 cikin 100 na tokar silika ce.

'Yan sashen gine-gine, nan naku ne. In aka ƙone buntu da zafin da bai wuce digiri 700 ba, aka niƙa tokar ta yi laushi sosai, tana iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na siminti. Yadda abin yake: siminti in ya sha ruwa yakan saki wani sinadari dangin farar ƙasa, sai silikar tokar ta haɗu da shi su samar da ƙarin abin da ke ɗaure kankare. Amma fa tokar tsibin da ke ci a fili ba ta da tabbas, don babu mai sarrafa zafinta. In zafin ya yi yawa, silikar kan daskare ta koma kamar yashi, ba ta aiki, ƙurarta kuma tana illa ga huhu. Saboda haka a sa takunkumi.

Hanya ta biyu ita ce gawayi. Ka samu gwangwani babba, ka huda jikinsa, ka sa masa bututun hayaƙi. Ka hura wuta a ciki, ka tara buntu ya rufe shi. Wutar za ta riƙa cin buntun daga ciki ba tare da isasshiyar iska ba. Ka riƙa juyawa, da ya yi baƙi gaba ɗaya sai ka baza shi ka yayyafa ruwa. In ka yi sakaci ya yi fari, to toka ka yi, ba gawayi ba. Daga nan a daka, a kwaɓa da kokon sitacin rogo, a danna a cikin guntun bututu, a shanya. Gaskiyar magana, wannan gawayi ya fi na itace toka, zafinsa kuma bai kai nasa ba. Amma ba a sare bishiya ko ɗaya ba, kuma kayan haɗinsa na da arha.

Dusa

Ita dusa akasin buntu ce: tana da mai, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, ga furotin. Shi ya sa masu kaji da kifi ke nemanta, a Indiya da Japan kuma har man girki ake tatsa daga cikinta. Matsalarta ita ce saurin lalacewa. Da an casa, wani sinadari da ke cikinta yakan fara narkar da man, cikin 'yan kwanaki sai ta yi ɗan wari. Zafi ne ke tsayar da shi, shi ya sa dusar shinkafar da aka yi gumi ta fi jure ajiya. Wata matsalar kuma, ƙananan injina kan fitar da dusa haɗe da buntu, darajarta ta faɗi. Ɗan injiniyan da ya ƙera rariyar da za ta raba su ya yi aikin da mai inji zai biya kuɗi a kai.

Rauno

Shanu suna cin rauno, sai dai bai cika ƙara musu komai ba. Takin yuriya yana gyara shi. A narka kilo 4 na yuriya a lita 100 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na rauno hawa-hawa ana tattakewa, a rufe da leda ruf har mako 3. Iskar amoniya da ke tashi tana sassauta karan, ya fi narkewa a ciki. Kafin a ba dabba, a baza shi ya sha iska. Kashedi: wannan abincin masu tuƙa ne manya, shanu da tumaki da awaki. Kada a ba jaki ko doki ko ɗan maraƙi, kuma kada dabba ta sha ruwan yuriyar, yana kisa.

Ga masu neman furojet

Kada ka ce za ka yi duka. Ɗauki abu ɗaya, ka auna shi. In gawayi ne, minti nawa kilo ɗaya ke tafasa lita 2 na ruwa, in aka kwatanta da na itace? In bulo ne, wane ƙarfi yake da shi a kwana 7 da kwana 28? Sannan ka haɗa da kuɗin mota, don buntu ba nauyi sai cika wuri, kuma dakonsa na iya cinye ribar. Mai gidan bulo ba zai tambaye ka makin da ka ci ba. Zai ce buhun siminti nawa zai rage, kuma bulon zai riƙe? Ka je masa da amsa a rubuce.