ƊAURIN KAYA A KAN TIRELA MAI BUƊAƊƊEN BAYA

Ran 29 ga Janairu, 2023, kwantena ta zame daga kan wata tirela a bakin gadar Ojuelegba ta Ikko, watau Legas, ta danne wata ƙaramar bas ta haya, mutum 9 suka rasu. A wannan gada kuma, cikin Satumba na 2015, wata kwantenar ta faɗo kan motocin da ke ƙasa, ta halaka mutum 3. Waɗanda suka mutu ba su suka loda kayan ba, ba su ma san mai su ba. Hanya kurum ta haɗa su.

Akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a tashoshin manyan motoci, wai kaya mai nauyi shi ke riƙe kansa. Wannan zance kuskure ne, ya kuwa ci rayuka da yawa. Gaskiya ne nauyi yana danne kaya a kan dandamalin mota, amma kayan da ke kan mota tafiya suke yi da gudun motar. In direba ya taka birki, tayoyi ne ke tsayawa; kayan su ba su da birki, sai su nemi wucewa gaba. Ƙarfin wannan turi yana ƙaruwa daidai da nauyin kayan. Saboda haka birkin da zai zamar da akwati mai kilo 100 shi ne zai zamar da mai tan 10, muddin a kan dandamali ɗaya suke. Bambancin kawai, na biyun in ya taso babu abin da ke tare shi.

Injiniyoyi sun auna wannan turi. A ƙa'idar da ake bi a Turai da Amurka, wajibi ne ɗauri ya iya riƙe kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya in sun turo gaba, da rabin nauyinsu in sun turo gefe ko baya. A ɗauki misalin tirelar siminti mai buhu 600, kowane buhu kilo 50, watau tan 30 ke nan. In aka taka birki da ƙarfi, turin da zai nufi kan mota, inda direba da yaronsa ke zaune, yana iya kai tan 24. A kwana mai kaifi kuwa, tan 15 ne ke neman fita ta gefe. Wanda ya ɗaure wannan da tsohuwar igiyar da rana ta cinye, ya ɗaure ne don ganin ido.

Aikin yana farawa tun kafin a ɗora buhun farko. A share dandamali, a kawar da yashi da tsakuwa, a goge mai ko giris, domin su ne ke mai da shi kamar santsin bakin rijiya. Inda ƙarfe zai zauna a kan ƙarfe, a shimfiɗa katako ko roba a tsakani. Sa'an nan a jera kaya, mafi nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, kada wani gefe ya rinjayi wani, kada kuma a tara nauyi a kan tayoyin baya kaɗai. A matsa kayan su jingina da ƙarfen da ke tsaye bayan kan mota. In tilas ta sa aka bar rata, a cike ta da katako, don kayan da suka sami filin zamewa taku ɗaya sukan iso da ƙarfin da zai karya wancan ƙarfen.

Game da abin ɗauri, igiya ta isa riƙe tamfol, amma ba ta isa riƙe kaya masu nauyi ba. Tamfol ɗin kansa maganin ruwa da ƙura ne, ba ɗauri ba ne. Kaya masu nauyi sai sarƙa ko bel mai maɗaurin ƙarfe, wanda aka rubuta iyakar ƙarfinsa a jikinsa. Bel da ya tsage, ko aka ƙulla shi a tsakiya, da sarƙar da aka haɗa da waya, a yar da su. Inda bel zai ratsa baki mai kaifi, a sa masa ƙyalle mai kauri ko guntun tsohuwar taya. A maƙala ƙugiya a jikin ƙarfen da aka yi dominta, ba a kowane ƙarfe da hannu ya kai ba.

Akwai kuma wani abu da ƙwararrun direbobi ma sukan manta da shi. Bel da aka ratsa ta saman kaya danne su yake yi, kuma dannewar tana ga yadda ya sauko. In ya sauko a tsaye, ƙarfinsa duka yana aiki. In kayan gajeru ne, bel ɗin ya kwanta har tsayinsa daga dandamali ya zama digiri 30, rabin ƙarfin ya tafi, ko da an ja shi har yana kuka. A irin wannan hali sai a ƙara yawan bel, ko a tokare kayan da katako ta gaba da gefe.

Kowane kaya da halinsa. Rodi da bututun ƙarfe su ne mafi mugunta, gama in suka zame sukan huda kan mota kamar mashi. A ɗaure su dami dami, a tare goshinsu. Gunguma da ganguna da duk abin da ke mirginawa sai an sa musu weji. Kwantena kuwa tana da rami a kowace kusurwa, tirelar da aka ƙera dominta tana da makulli 4 masu shiga waɗannan ramuka a murɗa. Kwantenar da ba a kulle kusurwoyinta ba, ajiye ta aka yi, ba ɗaure ta ba.

Ɗauri yakan saki a hanya, domin girgiza tana sa kaya su zauna. Dokar Amurka ta ce a tsaya a duba cikin kilomita 80 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 3 ko kilomita 240. A hanyoyin da ramuka suka yi yawa, hankali ya nuna a duba fiye da haka, musamman bayan ruwan sama, da bayan birki mai tsanani, da kafin gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga. Yaron mota ya iya jan bel, amma direba ne ya kamata ya zaga ya taɓa kowanne da hannunsa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana kama mota saboda lodin da ya wuce kima, da rashin rufe kaya masu zuba kamar yashi da tsakuwa, da rashin ɗaura jan ƙyalle a kan kayan da suka zarce bayan mota. Iyakar gudun tirela a ƙa'idar hanya kilomita 45 ne cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi. Ɗaukar mutane a saman kaya, abin da aka saba gani a motocin hatsi da na shanu masu zuwa Kudu, shi ma laifi ne. In kaya suka zube, su ne ke ƙarƙashi.

Sau da yawa direba ne kaɗai ke shan tara, alhali mai mota ne ya ƙi sayen sarƙa, mai kaya kuma shi ya matsa a ƙara buhu 50 don kuɗin mota ya yi masa sauƙi. Wajibi ne mai mota ya tanadi kayan ɗauri, ya canja su in sun lalace, mai kaya kuma ya faɗi nauyin kayansa na gaskiya. Direban da aka ba motar da ba ta ɗauru ba yana da hujjar ƙin tayar da ita, ya kuma kai maganar ga shugabannin ƙungiyarsu a tasha kafin ya kama hanya.