Gyauron dawa a ɗakin awo: ganye daban, kara daban

Shekarun baya, an gama yankan dawa ke nan, sai aka yi wani ruwa na ƙarshen damana a wani ƙauye da ke bakin Gulbin Maraɗi. Kututturan dawa suka sake tofo, gonaki suka yi shar da gyauro. Wani makiyayi ya saki shanunsa ciki da sassafe, da yunwarsu, kafin hantsi uku sun faɗi.

Ni aka aika in ɗauko samfur. Na tumɓuke gyauron haɗe da tsohon karansa, na ɗaure a bayan moto, ya sha rana, sai da ya kwana biyu ya isa ɗakin awo. Can aka shanya shi, aka niƙe gaba ɗaya, aka auna. Sakamako ya ce guba ƴar kaɗan ce. Da na koma na shaida wa mai shanun, sai ya dube ni ya ce: "To malam likita, mi ya kashe su?" Na rasa amsa. Laifin nawa ne: shanun ɗanyen tofo suka ci, ni kuwa garin busasshen kara na sa aka auna. Darasin yau ke nan gare ku ma'aikatan lafiyar bisashe: kafin a yi awo, a san wane sashe na tsiro za a auna, da yadda za a kai shi.

Guba biyu, mazauni biyu

Ta farko ita ce siyanur. Tun 1902 masana a Ingila suka gano cewa dawa na ɗauke da wani sinadari, mu kira shi uwar guba, wanda ke sakin siyanur in an farfasa shi. Uwar gubar na zaune a fatar ganye, sinadarin da ke kunce ta kuma yana cikin tsokar ganyen. Muddin ganye na lafiya ba sa haɗuwa. Da an tauna shi, ko an tattake, ko ya yi yaushi, sai su gauraya, guba ta fito. Ta fi yawa a ƙaramin tsiro da sabon tofo, musamman wanda ya sha fari ko aka cika masa takin zamani. Ganye ya fi kara yawanta nesa ba kusa ba. Shanu da tumaki da awaki sun fi kamuwa, don ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu na gaggauta sakinta. Kimanin miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin dabba na iya kashewa.

Ta biyu ita ce nitirat. Ita a kara take taruwa, musamman kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, in fari ya tsayar da girman tsiro alhali saiwa na ci gaba da tsotso. Hatsi ba ya da matsalar siyanur irin ta dawa, amma karansa na iya tara nitirat.

Alamomin sun yi kama: haki, rawar jiki, tangaɗi, faɗuwa. Jini ne ke bambanta su. Na siyanur ja ne wur, na nitirat kuwa yakan yi duhu ya koma ruwan ƙasa. Maganinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma nitirit ɗin da ake haɗawa a allurar siyanur na ƙara wa dabbar da nitirat ta kama wahala. Shi ya sa awo ba abin wasa ba ne.

Ɗaukar samfur

A tsinko abin da bisashen suka ci, daga wurare da yawa a gonar, ba daga kusurwa ɗaya ba. Tun a gona a raba: sabon ganye leda guda, gindin kara leda guda, kowace da sunanta da kwanan wata. Na siyanur a ɗaure shi tam, kada a murje, a sa cikin akwatin ƙanƙara irin na allurar rigakafi, ya isa a ranar ko a daskarar da shi a firigo. Siyanur iska ce, tana tashi tun zafi bai kai digiri 26 ba, wanda ko inuwar Maraɗi ta wuce shi a watan Oktoba. Na nitirat ba ya buƙatar wannan gaggawa, don ita ba ta tashi. Abin gudu kawai shi ne ɗanyen kara ya ruɓe cikin leda. Kafin ku aika samfur Yamai, wajen LABOCEL ko INRAN, ku fara kira ku ji irin awon da ake iya yi da yadda ake so a kawo shi.

Awon siyanur a ganye

Hanya mafi sauƙi ita ce takardar pikirat, wata ƴar takarda ruwan ɗorawa. Ana yayyanka kimanin giram ɗaya na ganye a ƴar kwalba, a daddage shi, a rataya takardar a sama ba tare da ta taɓa ganyen ba, a rufe da sauri, a ajiye wuri mai ɗumi. In akwai guba, takardar za ta rikiɗa ta koma jar ƙasa. Rikiɗa cikin ƴan mintoci alama ce ta haɗari. Kullum a ajiye wata kwalba ba ganye, don kwatance.

In ana son adadi, a bar kwalbar ta kwana, kamar awa 16, sannan a jiƙa takardar a ruwa, a karanta launin ruwan a na'urar awon haske kan nanomita 510. Manyan ɗakunan bincike kuma kan jiƙa ganyen a metanol, wanda ke hana uwar guba farfashewa, su auna ta kai tsaye da na'urar HPLC. Hattara: asid pikirik in ya bushe yana iya fashewa, a jiƙe ake ajiye shi.

Awon nitirat a kara

A tsaga gindin kara, a ɗiga ruwan difenilamin a kan totuwa. In ya yi shuɗi mai duhu nan take, nitirat ta yi yawa. Ruwan na da asid mai ƙona fata, sai da safar hannu. Don adadi, ana busar da karan a digiri 60, a niƙe, a jiƙa a ruwa, a tace, a auna.

Karanta sakamako

Abu na farko da nake dubawa: a ɗanye aka ƙiyasta ko a bushe? Sabon ganye kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, don haka miligiram 200 a kilon ɗanye daidai yake da 1,000 a kilon busasshe. A lissafin busasshe, siyanur ƙasa da miligiram 500 a kilo galibi ba damuwa, daga 500 zuwa 1,000 sai an yi hattara, sama da haka a hana kiwo. Nitirat ƙasa da 5,000 galibi lafiya ne, ta kai 10,000 tana iya kisa. Wasu ɗakunan awo azot ɗin da ke cikin nitirat kawai suke rubutawa. In haka ne, a ninka adadin sau 4.4.

Abin da nake faɗa wa makiyayi yanzu

Kada a saki bisashe cikin gyauron da bai kai santimita 60 ba, wato bai wuce gwiwa ba. Kada su shiga da yunwa, a fara ba su busasshiyar ciyawa ko harawa. Yanka da shanyawa sosai na rage siyanur, amma ba ya rage nitirat, don haka karan da ya sha fari a yanke shi sama-sama a bar gindin a gona. In dabba ta faɗi, a kori sauran daga gonar nan take, a kira likita, a duba launin jinin, sannan a tsinko ganye daban, kara daban, a sa na ganyen cikin ƙanƙara.