Katangar dutse, ba laka ba siminti

A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, dutse ya fi itace yawa. Wanda ya bi hanyar Keita ko ta Buza zai ga tuddai da fako cike da duwatsu, manya da ƙanana. Dutsen da ke cikin gona yana dakushe hauya, yana wahalar da manomi. Amma idan aka tsince shi aka jera shi da kyau, sai ya zama katanga. Irin wannan katanga ba ta bukatar laka, ba ta bukatar siminti, ba ta bukatar ruwan kwaɓi. Dutse ne bisa dutse kawai. Mutanen gida ɗaya suna iya gina ta da hannunsu, su kewaye garka ko wurin kwanan awaki.

1. Me ke riƙe katangar?

Nauyi ne ke riƙe ta. Kowane dutse yana danne na ƙarƙashinsa, kuma kaushin jikinsu yana hana su zamewa. Tsakanin duwatsun akwai ƴan ƙofofi. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan yana ratsa ƙofofin nan ya wuce. Katangar laka kuwa, in ruwa ya kwanta a gindinta, sai ta jiƙe ta zube.

Gara ba ta cin katangar dutse, wuta ba ta ƙona ta. Mai shingen ƙaya, kowace shekara sai ya sari rassan itatuwa ya sabunta shingensa. Mai katangar dutse ya huta da wannan sara, itatuwan daji ma sun huta.

2. Shirin aiki

Da rani ake wannan aiki, bayan an gama girbi, tun kafin damana ta faɗi. Kayan aikin ba su da yawa: diga, fartanya, guduma, igiya, turaku da kwanduna. Idan wurin ɗibar dutsen yana da nisa, sai a nemi amalanken jaki. Katanga tana cin dutse ƙwarai: idan tsayinta metir 1 ne, kowane metir na tsawonta yana cin kusan tan 1.

Kafin a soma gini, ana raba duwatsun kashi huɗu. Manya-manya na harsashi ne. Matsakaita na jikin katanga ne. Dogaye da masu faɗi ana ajiye su gefe, domin ɗauri da rufi. Ƙanana da tsakuwa na ciko ne. Magini da bai yi wannan rabo ba zai ɓata yininsa wajen neman dutse.

3. Yadda ake gini

Da farko ana kafa turaku, a ja igiya biyu, ɗaya a kowane gefe, domin katangar ta miƙe. Ga katanga mai tsayin metir 1, ana barin santimetir 60 tsakanin igiyoyin. Sai a haƙa rami marar zurfi, kamar santimetir 15, har a tarar da ƙasa mai tauri. Cikin ramin ake kwantar da manyan duwatsu layi biyu, kowane bisa gefensa mafi faɗi. Wannan shi ne harsashi. Magini yakan hau kan kowane dutse ya taka shi. In ya motsa, sai a gyara masa zama.

Daga nan gini ke tashi, jeri bisa jeri. Akwai dokoki huɗu da magini ba ya mantawa da su.

Ta ɗaya: dutse ɗaya bisa biyu, biyu bisa ɗaya. Wato kowane dutse ya rufe mahaɗar duwatsu biyu na ƙarƙashinsa. In mahaɗa ta hau kan mahaɗa, nan katangar za ta tsage.

Ta biyu: tsawon dutse ya shiga cikin katanga, ƙaramin gefensa ya dubi waje. Dutsen da aka kwantar bisa tsawon katanga yana saurin cika wuri, amma yana saurin faɗowa.

Ta uku: a cike tsakiya da ƙananan duwatsu, ana cusa su da hannu ɗaya bayan ɗaya, a kowane jeri.

Ta huɗu: katanga ta riƙa tsukewa tana hawa. Gindi santimetir 60, kai santimetir 30. Da haka gefunan biyu ke jingina da juna.

Wajen ciko, yaro yakan ce wa mahaifinsa: « Baba, mu zuba ƙasa mana, ai ta fi sauri. » Uban yakan amsa: « A'a, ɗana. Ruwan farko zai wanke ƙasar, ya bar katangar da ciki fayau. Kawo tsakuwa. »

Idan gini ya kai rabi, sai a ɗauko dogayen duwatsun nan, a gitta su daga wannan gefe zuwa wancan, ɗaya a kowane metir. Su ne duwatsun ɗauri, su ke haɗa gefunan biyu su zama katanga guda. A ƙarshe ana rufe kan katangar da duwatsu masu faɗi da nauyi, don kada awaki su ture na sama in sun hau.

4. Hattara

Ƙarƙashin dutse gidan kunama ne, wani lokaci har da maciji. Ba a cusa hannu ƙarƙashin dutse. Da sanda ake fara juya shi. Mai aiki ya sa takalmi. Wanda zai ɗaga dutse mai nauyi ya durƙusa, ya miƙe da ƙarfin ƙafafunsa, kada ya sunkuya ya ji ciwon baya. Aikin yara shi ne kawo tsakuwa, da riƙe igiya, da awo. Babban dutse na manya ne, su ma su biyu ko uku, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa in katangar doguwa ce ake kiran gayya.

5. Gandari, katangar gona

A gona mai gangare, ruwan sama yana gudu da ƙarfi. Yana kwashe ƙasa mai kyau da taki da iri, ya bar fako, ya haƙa kwazazzabo. Wannan ita ce zaizayar ƙasa. Tun da daɗewa manoman Adar suna jera duwatsu a gicciye cikin gonakinsu don su tare ta. Wannan jeri shi ake kira gandari.

Gandari ƙaramar katanga ce, tsayinta santimetir 20 zuwa 30. Ba ta tsayar da ruwa ɗungum, rage masa gudu take yi. Ruwan ya tsaya kaɗan, ya shiga ƙasa, sauran ya ratsa duwatsun a hankali. Ƙasar da ya ɗauko da ganyaye da kashin dabbobi sai su kwanta a bayan jerin. Bayan damana biyu ko uku, ciyawa ta tsiro a wurin, gero ya yi kyau.

Wajibi ne jerin ya bi layin da babu hawa babu gangara. In wani gefe ya fi wani ƙasa, ruwa zai taru can ya fasa. Don gano wannan layi ana amfani da dogon tiyo na roba mai haske, cike da ruwa, an ɗaura bakinsa biyu a sanduna biyu masu ma'auni. Inda ruwan ya tsaya a lamba ɗaya a sandunan biyu, wuraren nan biyu daidai suke. Sai a kafa turke, a ci gaba.

A shekarar 1984, shekarar babban fari, aka soma wani babban aikin raya karkara a Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, domin maza da yawa sun tafi cin rani. Matan sun ɗauki duwatsu a ka, sun jera su a gangaren tuddai da cikin kwazazzabai, an kuma dasa miliyoyin itatuwa. Fako da dama ya koma gona.

6. A wasu ƙasashe

Ba a Nijar kaɗai ake wannan gini ba. A Sukur, bisa duwatsun Mandara, cikin jihar Adamawa ta Nijeriya, gonaki hawa-hawa ne, katangun dutse ke riƙe da su. Hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A kudancin Afirka akwai kufan wani tsohon birni, Babbar Zimbabuwe, wanda aka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Wasu katangunsa sun kai tsayin metir 11, babu laka ko kaɗan, kuma har yau suna tsaye. Daga wannan birni ƙasar Zimbabuwe ta samo sunanta a 1980. A 2018, UNESCO ta sa wannan sana'a, yadda ake yin ta a Faransa da wasu ƙasashen Turai bakwai, cikin al'adun da ya kamata a adana.

Abin riƙewa

Katangar dutse tana tsayuwa da nauyinta da kyan jerinta. Tana barin ruwa ya wuce, tana riƙe ƙasa.

Kalmomi

katanga : le mur
harsashi : la fondation
tsakuwa : les cailloux
gangare : la pente
zaizayar ƙasa : l'érosion
gandari : le cordon pierreux

Tambayoyi

1. Me ke riƙe katangar dutse, tun da babu laka?
2. Kashi nawa ake raba duwatsu? Mene ne aikin kowane kashi?
3. Don me ba a cika tsakiyar katanga da ƙasa?
4. Mene ne amfanin duwatsun ɗauri?
5. Yaya gandari yake taimakon gona?

Lissafi

Wani manomi zai kewaye garka mai tsawon metir 10 da faɗin metir 6. Zai bar ƙofa mai faɗin metir 2. Metir nawa ne tsawon katangar? In kowane metir yana cin tan 1, tan nawa na dutse zai tara?

Aiki

A filin makaranta, ku tara ƙasa ku yi ƙananan gangare biyu. Ku jera tsakuwa a gicciye bisa ɗaya, ku bar ɗayan haka nan. Ku zuba ruwa gwangwani guda bisa kowane, a hankali. Ku duba inda ƙasa ta tafi, ku rubuta abin da kuka gani cikin littattafanku.