DARASI: DON ME ƊALIBI KIRISTA ZAI KARANTA TARIHIN YAHUDAWA?

Kowace shekara iyaye a Birnin Kebbi da Argungu suna tura 'ya'yansu jami'a. Yawancinmu muna fatan yaro ya fito likita ko lauya. In ya ce zai karanta tarihi da addini, har ya shiga nazarin Yahudawa da harshen Ibrananci, sai mu tambaye shi: me za ka ci da wannan? Darasinmu na yau amsa ce ga wannan tambaya.

Na fari, Ubangijinmu Yesu Bayahude ne, haka Uwargida Maryamu da manzanni. An yi masa kaciya a rana ta takwas, ya yi sujada a majami'a, ya kiyaye Idin Ƙetarewa, a lokacin idin nan ne kuma ya kafa Misa. Wanda bai san al'adar mutanensa ba, rabin maganarsa zai ji.

Ga misali daga bakin ruwa. A Matiyu 13:47-48 Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da taru, wanda masunta suka jawo gaɓa, suka zaɓi kifi mai kyau, suka zubar da marar kyau. Masunci a Argungu zai yi mamaki, gama shi ba ya zubar da tarwaɗa. Amma Littafin Firistoci 11:9-12 ya hana Yahudawa cin abin ruwa marar ɓawo a jiki. A Tekun Galili akwai karfasa, akwai kuma tarwaɗa. Ta farin halal ce gare su, ta biyun haram. Masu sauraron Yesu sun saba ganin wannan zaɓe kowace safiya. Da sanin haka, misalin ya buɗe.

Na biyu, tarihin Yahudawa bai tsaya a ƙarshen Tsohon Alkawari ba. Bayan da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, sun warwatsu, amma ba su bar karatu ba. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta yawancin littattafansa da Larabci cikin haruffan Ibrananci, kamar yadda malamanmu suka rubuta Hausa da ajami. A 1947 kuma aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, har da cikakken littafin Ishaya da aka rubuta tun kafin haihuwar Yesu. Masana a jami'o'i ne suka karanta mana su.

Na uku, labarinsu ya taɓa yankinmu. Yahudawa sun daɗe a Tuwat, cikin Sahara, a kan hanyar fatake. Wajen 1492 Shehu al-Magili ya tashi gāba da su, aka rushe majami'arsu ta Tamantit, ko da yake alƙalin Tuwat, shi ma Musulmi, bai yarda da shi ba. Daga nan al-Magili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma je Gao wurin Askiya Muhammadu, sarkin da Kanta na Kabi ya ɓalle daga hannunsa daga baya. Kada mu yi saurin nuna yatsa. A wannan shekara ta 1492 sarakunan Spaniya, Katolika irinmu, suka kori dukan Yahudawan da suka ƙi karɓar baftisma. A Turai kuma, ƙasar da ake kira ta Kirista, 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu.

Saboda haka ne Majalisar Batikan ta Biyu, cikin takardar Nostra Aetate ta 28 ga Oktoba 1965, ta koyar cewa ba za a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawa ba, na dā ko na yanzu, ta kuma la'anci ƙiyayya gare su. Takardar nan ce kuma ta umarce mu mu girmama Musulmi. A 1986 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci majami'ar Yahudawa a Roma, ya kira su yayyenmu.

Mu Kirista 'yan kaɗan ne a wannan yanki, mun san nauyin zama tsiraru. Ɗalibin da ya karanta yadda jita-jita takan zama ƙiyayya, ƙiyayya ta zama zub da jini, zai dawo gida ya iya kashe wutar tun tana ƙarama. Ikilisiya tana bukatar irinsa a matsayin malamin makaranta, katikist, ko firist. Iyaye, kada ku karya masa gwiwa.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiyoyi: Karanta Romawa 11:17-24. Su wane ne saiwar, su wane ne rassan? Wace magana muke faɗa a kan Yahudawa, ko a kan maƙwabtanmu, wadda ba mu taɓa bincika gaskiyarta ba?

Allah na Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu ya ba 'ya'yanmu hikima. Amin.