Fara da takarda da biro

Kai mai son koyon gina manhajar intanet ba tare da dogon rubutun umarnin kwamfuta ba, fara da takarda da biro. Dandalolin gina manhaja irin su Mendix da OutSystems da Power Apps na Microsoft duk a kan tsarin bayanai suka dogara: kai ke zana shi, su kuma su fitar maka da shafuka. In zanen ya karkace, manhajar ma ta karkace.

Ɗauki rajistar makaranta: ɗalibi, aji, malami. Aji ɗaya yana da ɗalibai da yawa, wannan mai sauƙi ne. Amma malami yana shiga azuzuwa da dama, kowane aji kuma malamai da dama ke shigarsa. A nan sababbin shiga ke tuntuɓe, sai ka zauna kan wannan dangantaka har ta zauna maka.

Sannan ka riƙe dandali ɗaya. AppSheet, wanda Google ta saya a 2020, yana ɗaukar bayanai daga Google Sheets, ya dace da mai farawa. Ka ɗan koyi SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai, a gefe. Kafin ka zuba aikinka cikin dandalin, duba kuɗin wata da yadda za ka kwashe bayananka in ƙaura ta kama.