Shinkafar daji a tabki: a rage ta, kada a zuba mata guba

Mai son rage shinkafar daji a tabkin garinsu, a Gamu ko a sauran ƙasar Gure, ya fara da tumɓuke guda ɗaya ya dubi gindinta. Iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

In saiwar gajera ce, a dunƙule, to 'yar damina ce, da iri take yaɗuwa. Ita ce Oryza barthii, kakar shinkafar gida ta Afirka. Da ta nuna sai ƙwayar ta zube cikin laka, saboda haka a sa mata lauje kafin ta fid da kai, a shanya a ajiye wa dabbobi. In an bari ta yi kai, dogon ƙaiƙayinta yana sukar bakin dabba. Sai an maimaita yankan damina bayan damina, domin irin yana kwanciya a ƙasa.

Mai wuyar ita ce mai farar jijiya gaɓa-gaɓa, wadda ke tafiya a ƙarƙashin laka. Yanka ba ya kashe ta. A jira bazara, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da tabkin ya ƙafe ƙasa ta tsattsage, a tone da diga, a tsince jijiyar, a kwashe ta can kan tudu ta bushe, sannan a ƙone. Guntu ɗaya mai gaɓa da aka bari zai tsiro da ruwan fari. Wannan aikin gayya ne, maigari ya kamata ya sa rana.

Inda ruwa ba ya ƙafewa, a riƙa yanka daga ƙarƙashin ruwan. Haka ake yi wa kacalla, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974.

Maganin feshi kuwa, don Allah a bar shi. A tabkin nan shanu da raƙuma ke sha, nan mata ke wanki, nan yara ke wanka.

Kuma kada a share ta duka. Ƙananan kifi na fakewa cikinta, a yankin Tabkin Cadi har ƙwayarta ake tarawa a ci. A zauna da makiyaya a ware gefen da za a bari. Mashaya da wurin ɗiban ruwa su ne za a share tas, domin a jikin ciyawar ruwa dodon koɗi mai ɗauke da cutar tsargiya ke maƙalewa.