KUƊI NAWA NE ZA SU ISHI GIDA?

Tambayoyi kaɗan ne suka fi wannan damun magidanta a ƙasar nan: shin kuɗi nawa ya kamata su shigo gida a wata kafin iyali su ci, su sha, su yi sutura, su kwana da kwanciyar rai? Ma'aikaci yakan yi wa kansa wannan tambaya ranar da aka biya albashi. Manomi yakan yi ta ranar da ya gama sussuka ya auna abin da zai shiga rumbu. Ɗan kasuwa kuwa kowace yamma yake yin ta, in ya rufe shago ya ƙirga ciniki. An shirya wannan darasi ne domin a nuna wa mai karatu hanyar da zai bi ya fitar da amsar da ta dace da gidansa, gama amsar gidan wani ba ta yi wa wani.

YAWAN NAIRA BA SHI NE MA'AUNI BA

Abu na farko da ya wajaba a gane shi ne, darajar kuɗi tana ga abin da suke saye a kasuwa. Tarihin albashi a Nijeriya ya isa shaida. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma Naira da kwabo. A 1974 Hukumar Udoji ta ba da shawarar a yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya su har da na watannin baya. Kuɗi suka yi yawa a hannun jama'a alhali kaya ba su ƙaru ba, sai ga shi a 1975 farashin kaya ya hau da fiye da kashi 30 bisa ɗari. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi murna da ƙarin ba su daɗe ba suka ga kasuwa ta haɗiye shi.

A 1981 doka ta tsayar da albashi mafi ƙanƙanta a kan Naira 125 a wata. A 2011 ya zama Naira 18,000, a 2019 Naira 30,000, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka mai da shi Naira 70,000. Watau lambar ta ninka sau 560 tun daga 1981. Amma Naira 125 ta wancan lokaci ta yi daidai da kimanin dalar Amurka 200, ita kuwa Naira 70,000 ba ta kai dala 50 ba a lokacin da aka tsayar da ita. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 bisa ɗari a shekara. Saboda haka duk lambar da aka ambata a wannan darasi an haɗa ta da shekararta, kuma lalle ne mai karatu ya sabunta ta da farashin kasuwar garinsu.

MATAKAI UKU NA BUKATAR GIDA

Ana iya kasa bukatar gida mataki uku, kowane yana bisa ɗan'uwansa.

Mataki na farko shi ne rufin asiri. A nan kuɗin shiga suna ɗaukar abinci, da haya ko gyaran gida, da ruwa, da itace ko gawayi ko gas, da sutura, da kuɗin mota, da hidimar makaranta, da magani. Gidan da bai kai wannan mataki ba yana cikin ƙunci, ko da mutanensa masu haƙuri ne.

Mataki na biyu shi ne kwanciyar rai. A nan, bayan an biya waɗancan bukatu, akwai abin da ya saura aka ajiye domin ranar da ba a zata ba: rashin lafiya, ko gobara, ko tsayawar aiki, ko ƙarancin ruwan sama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku shi ne walwala. A nan gida yana iya yin zumunci ba tare da cin bashi ba: gudummawar biki da suna, ziyarar iyaye, ɗinkin Salla ko na Kirsimeti, da taimakon ɗan'uwa in ya shiga wani hali. A zaman jama'ar ƙasar nan ba a ɗaukar waɗannan a kan almubazzaranci, domin su ne ke riƙe da mutuncin gida a idon dangi da maƙwabta. Wanda ya bar su a waje sa'ad da yake lissafi, lissafinsa bai cika ba.

ABIN DA ALƘALUMAN HUKUMA SUKA NUNA

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi binciken zaman gidaje tsakanin 2018 da 2019. Ta tsayar da iyakar talauci a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ta kuma sami kashi 40 bisa ɗari na jama'a, watau kimanin mutum miliyan 83, suna ƙasa da wannan iyaka. Binciken ya nuna cewa gida matsakaici a ƙasar nan yana da mutum biyar. In aka ninka, gida irin wannan yana bukatar kimanin Naira 57,000 a wata da farashin wancan lokaci kafin ya fita daga sahun matalauta, alhali albashi mafi ƙanƙanta a 2019 Naira 30,000 ne. Har ila yau hukumar ta gano cewa a kowace Naira 100 da gidajen Nijeriya suka kashe a 2019, kusan Naira 57 ta tafi ne a kan abinci.

Wannan lamba ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikin kuɗinsa. Gida mai wadata ya fi kashe kuɗi a kan abinci, amma kason da abincin ya ci ƙarami ne. Don haka kason abinci ya zama sikeli mai sauƙi wanda kowane maigida zai iya auna gidansa da shi.

YADDA AKE YIN LISSAFIN

Ga misali da farashin watan Yuni na 2024. A wannan wata Hukumar Ƙididdiga ta bayyana cewa abinci mai gina jiki mafi araha yana cin Naira 1,241 ga babban mutum ɗaya a yini, in aka ɗauki matsakaicin ƙasa baki ɗaya. Farashin ya fi tsada a Kudu maso Yamma, ya fi sauƙi a Arewa maso Yamma. A ɗauki gida mai mutum biyar, maigida da uwargida da yara uku, a ƙaddara cewa yaran uku suna cin abincin manya biyu. Bakin ci ya zama huɗu ke nan.

1. Abincin yini: Naira 1,241 sau 4, watau Naira 4,964.
2. Abincin wata: Naira 4,964 sau 30, watau kimanin Naira 149,000.
3. In abinci shi ne kashi 57 bisa ɗari na hidimar gida, dukan hidimar ta kama kimanin Naira 261,000. Wannan shi ne matakin rufin asiri.
4. A ƙara ushirin wannan domin ajiya, watau Naira 26,000.
5. A ƙara wani ushirin domin zumunci da walwala, watau Naira 26,000.

Jimla ta kama kimanin Naira 313,000 a wata. A wannan matsayi abinci bai kai rabin kuɗin shiga ba, kuma ita ce alamar da ya kamata a riƙe: gidan da yake cin abinci mai kyau, abincin bai cinye rabin abin da ke shigowa ba, kuma ana ajiye wani abu kowane wata, to, ya kama hanyar jin daɗi.

Mai karatu zai lura cewa wannan jimla ta ninka albashi mafi ƙanƙanta na 2024 fiye da sau huɗu. Albashi mafi ƙanƙanta iyaka ce da doka ta hana a biya ma'aikaci ɗaya ƙasa da ita. Ba ma'aunin jin daɗin iyali ba ne. Shi ya sa gidaje da yawa ba sa dogara ga hanya ɗaya.

ABIN DA KE BAMBANTA GIDA DA GIDA

Misalin da ya gabata yana sauyawa bisa ga abu uku. Na ɗaya, wurin zama. Mai haya a Legas ko Abuja ko Fatakwal, inda akan nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, dole ya raba kuɗin hayar kashi 12 ya riƙa ware kashi ɗaya kowane wata. Wanda ke zaune a gidan gado a ƙauye ba shi da wannan nauyi, amma yana da nisan asibiti da na kasuwa.

Na biyu, yawan bakin ci. A ƙirga kowa da kowa da ke cin tukunyar gidan, har da tsofaffin iyaye da 'ya'yan riƙo, da kuma waɗanda ake aika wa kuɗi a garin asali. Wannan ya shafi musamman 'yan kasuwa da ma'aikata da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, waɗanda sau da yawa gida biyu suke riƙewa.

Na uku, abin da ke shigowa ba a matsayin kuɗi ba. Hatsin da manomi ya zuba a rumbu kuɗin shiga ne, sai ya yi masa kuɗi da farashin kasuwa. Haka nan kiwon awaki da kaji, da lambun bayan gida, da sana'ar uwargida, ko ɗinki ce ko ƙuli-ƙuli ko abincin sayarwa. Manomi ya kiyayi abu guda: sayar da hatsi da kaka lokacin da yake araha, sa'an nan a dawo a saye shi da tsada a tsakiyar damina. Abincin shekara ake fara warewa, rarar ita ce ta kasuwa.

SHIN KUƊI NA KAWO FARIN CIKI?

Masana sun daɗe suna bincike a kan wannan. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton na Jami'ar Princeton a Amurka suka ba da rahoton cewa jin daɗin zuciya na yau da kullum yana ƙaruwa tare da kuɗin shiga har zuwa kimanin dala 75,000 a shekara, daga nan sai ya tsaya. A 2021 wani masani, Matthew Killingsworth, ya sami akasin haka: jin daɗin bai tsaya ba. A 2023 Kahneman da Killingsworth suka haɗu suka sake duba alƙaluman. Suka tarar cewa ga yawancin mutane farin ciki yana ci gaba da ƙaruwa in kuɗi sun ƙaru, amma akwai wani rukuni ƙarami na waɗanda suka fi kowa baƙin ciki, waɗanda ƙarin kuɗi ba ya ƙara musu komai bayan sun kai wani matsayi, domin damuwarsu ba irin wadda kuɗi ke magani ba ce.

Waɗannan lambobi na Amurka ne, kuma kuskure ne a mai da su Naira a ce ga abin da Nijeriya ke bukata. Darasin da ke ciki shi ne wannan: Naira dubu goma da ta shiga gidan da ba shi da abincin gobe ta fi kawo sauƙin rai nesa ba kusa ba a kan wadda ta shiga gidan da rumbunsa ke cike. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wa mai jin yunwa kuɗi ba kome ba ne. Haka kuma ba daidai ba ne wanda ya riga ya kai matakin walwala ya sayar da lafiyarsa da zaman iyalinsa wajen neman ya kamo maƙwabcinsa. Wadatar zuci tana da wurinta, amma bayan an rufa asiri take yin cikakken aiki.

HANYOYIN RAGE NAUYI

Gida yana kusantar matakin kwanciyar rai ta hanya biyu: ƙarin abin shiga, da toshe kafofin da kuɗi ke zurarewa.

Babbar kafa ita ce rashin lafiya. Fiye da kashi 70 bisa ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa, kuma jinya ɗaya takan cinye ajiyar shekaru. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ya kamata maigida ya nemi ofishin hukumar inshorar lafiya ta jiharsa ya ji yadda ake shiga.

Game da ilmi, dokar 2004 ta tanadi karatun shekara tara kyauta a makarantun gwamnati, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare.

Game da ajiya, adashi tsakanin amintattu hanya ce mai kyau, haka nan asusun banki. Tun daga 2024 hukumar da ke ba ajiyar banki inshora take lamunce wa kowane mai ajiya har Naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya rushe. Amma a guji masu alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya sami waɗanda suka zuba dukiyarsu a MMM a 2016 ya isa gargaɗi. A kuma guji cin bashi domin biki, gama baƙi suna watsewa su bar maigida da mai bin bashi.

Daga ƙarshe, lissafin gida ba aikin mutum ɗaya ba ne. Uwargida ita ta san farashin cefane da abin da tukunya ke ci. Maigida ya san haya da kuɗin makaranta. In suka zauna tare da littafi da alƙalami suka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita har tsawon wata uku, za su ga lambar gidansu da idonsu, su kuma san matakin da suke kai.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa ƙarin albashi ba kullum yake nufin ƙarin jin daɗi ba? A kawo misali daga abin da ya faru a 1975.
2. Kashi nawa bisa ɗari na kuɗin shigar gidanku abinci ke ci?
3. In abin shiga ya tsaya yau, wata nawa ajiyar gidanku za ta ɗauke ku?
4. Waɗanne abubuwa ne ke shigowa gidanku waɗanda ba kuɗi ba ne, kuma nawa za su kama in aka yi musu kuɗi?